Korban: Baikon da Ke Hana Iyaye Haƙƙinsu

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen shekara

 Barkanmu da isowa gida lafiya, musamman waɗanda suka taso daga Legas, Fatakwal, Abuja, Jos da Kaduna.

Karatunmu na yau yana cikin Bishara ta hannun Markus, sura 7, aya 9 zuwa 13, haka kuma cikin Matiyu sura 15. Farisiyawa da malaman Attaura sun zo daga Urushalima suna zargin almajiran Yesu da cin abinci ba tare da wanke hannu bisa ga al'adar dattawa ba. Sai Ubangiji ya tona musu laifin da ya fi wannan girma. A zamanin, mutum yakan yi wa'adi cewa dukiyarsa ta zama korban. Kalmar ta Ibrananci ce, ma'anarta abin da aka keɓe wa Allah. Da zarar ya furta haka, malamai sukan ce ba halal ba ne iyayensa su ci moriyarta, ko da suna cikin tsananin bukata. Ta haka aka rushe umarnin girmama uba da uwa da ke cikin Fitowa 20:12, aka kuma yi rushewar da sunan ibada.

'Yan'uwa, ba na jin akwai wanda ya taɓa furta wannan kalma a cikinmu, amma aikinta muna yinsa. Ranar ƙaddamar da ginin majami'a a birni, mukan miƙe mu yi alkawarin kuɗi masu yawa, a kira sunanmu da lasifika, a tafa mana. A wannan makon ne kuma tsohuwa za ta aiko cewa maganin hawan jininta ya ƙare, sai mu ce ta yi haƙuri sai ƙarshen wata. Bara na je gaida wata tsohuwa a nan garin, na tarar ta jera kwanuka a ɗaki tana tarar ruwan sama, domin kwanon rufin ya huje. 'Ya'yanta huɗu duk suna aiki a birni, biyu ma dattawan ikkilisiya ne. Da na tambaye ta labarinsu, sai ta ce hidimar Ubangiji ce ta yi musu yawa. Har yanzu ita ke rufa musu asiri.

Abin da ya fi ciwo shi ne ranar da irin wannan tsohuwa ta rasu. A ranar ne za a ga akwatin gawa mai tsada, da anko, da sa, da rumfuna har bakin hanya. Kuɗin da aka kashe a yini guda da ya isa ya ciyar da ita shekaru.

Wani zai ce, ai Yesu da kansa ya koyar, cikin Matiyu 10:37, cewa kada ƙaunar iyaye ta fi ƙaunarsa. Gaskiya ne. Amma wannan magana ce ga wanda iyayensa ke neman raba shi da bangaskiya, ba izini ba ne na barinsu da yunwa. Ku dubi shi Ubangijin a kan gicciye, cikin Yahaya 19:26-27. Yana cikin azabar mutuwa, yana ɗauke da zunubin duniya, duk da haka bai saki ransa ba sai da ya damƙa Maryamu a hannun almajirin da yake ƙauna. Wane ne a cikinmu hidimarsa ta fi wannan girma? Manzo Bulus ma ya gargaɗi Timoti cewa wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa ya yi musun bangaskiya.

Mu tuna ko su wane ne waɗannan tsofaffi. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da shi kakanninmu da dama suka koyi karatu a gindin bishiya. 'Ya'yansu, wato iyayenmu, suka sayar da awaki da hatsin rumbu suka biya mana kuɗin makaranta. Bangaskiyar da muke taƙama da ita a birni a bayansu muka fara jin waƙoƙinta.

Ba cewa nake yi ku daina ba da zakka da baiko ba. Roƙona uku ne. Na farko, kowa ya ware rabon iyayensa ranar da albashi ya shigo, kafin ya yi wani alkawari a gaban jama'a. Na biyu, mu riƙa zuwa da kanmu, domin zumunci a ƙafa yake, kuɗin da aka tura ta waya ba ya ganin rufin da ke yoyo. Na uku, ƙungiyarmu ta haɗa kai da fastoci da masu unguwanni a rubuta sunayen tsofaffin da ba su da mai kula da su, Kirista da wanda ba Kirista ba, mu ɗauki nauyinsu kafin damina mai zuwa.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kafin kowa ya kama hanyar komawa birni, ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ko na mahaifinsa, ya zauna, ya ɗaga kai ya dubi rufin.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.