Kwamfuta Da Rubutun Sunaye: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Akwai wata magana wadda ta shafi kowane hakimi da malaminsa, tun daga Kakuri da Makera har Barnawa, watau yadda kwamfuta ta ke gwada suna da suna.

Malamin hakimi in ya ga Muhammadu a wannan takarda, Mohammed a waccan, ya san mutum ɗaya ne, gama ya san yaron, ya san gidansu. Kwamfuta kuwa ba ta san kowa ba. Kowane harafi lamba ne a wurinta. Babban A lambarsa 65, ƙaramin a 97. Ɗan filin da a kan bari tsakanin kalmomi shi ma yana da tasa, 32. Harafin k 107 ne, ƙ mai lanƙwasa kuwa 409. Saboda haka Bako da Baƙo mutum biyu ne a gare ta.

A nan ne masu koyon rubuta wa kwamfuta umurni su kan yi tuntuɓe. Ɗalibi ya umurce ta ta fito masa da mutanen Barnawa, sai ta ce babu ko ɗaya, alhali ga su nan a rajista. Kada ya zargi na'ura. Ya sa ta ƙidaya masa haruffan kalmar, ta nuna lambar kowanne. Barnawa haruffa 7 ne. In ta ce 8, lalle an bar wani abu da ido ba ya gani, galibi fili a ƙarshe. Sai ya share filin, ya mai da haruffan duka ƙanana, sa'an nan ya sake gwadawa.

Amma wannan dabara ba ta mai da Mohammed ya zama Muhammadu. Wannan aikin malami ne. A 2014 aka fito da lambar BVN ta bankuna, a 2021 kuma hukumar JAMB ta wajabta wa ɗalibai lambar NIN. Suna in ya saɓa tsakanin takardu, ya kan hana yaro rajistar jarrabawa, ko ya tsare wa dattijo kuɗinsa a banki, har sai an sha wahalar gyara.

Don haka ana roƙon hakimai su gargaɗi malamansu. Kafin a rubuta wa mutum takardar shaida, a nemi takardarsa ta NIN, a kwafi sunan harafi bayan harafi, kada a sāke jerinsa. Sa'an nan a karanta wa mai shi, ya yarda, kafin hakimi ya sa hannu.