Jawabi a kan motar ƙungiya da ciwon karbiratonta

Iyayenmu dattawa, da ƴan uwa ƴan garinmu mazauna Maraɗi, muna gaishe ku da zuwa.

An ce mu yi bayani a kan motar ƙungiya, don wasu sun ce a sayar da ita a huta. Ba su faɗi haka banza ba. Kowa ya ji abin da ya faru daren da anka ɗauko ƙanwarmu mai naƙuda, mota ta mutu bayan an wuce Tibiri, sai da anka ƙarasa da ita asibiti bisa babur. Allah ya sauke ta lafiya. Amma da abin ya zo da gardama, da yau wata magana muke yi.

Motar nan Renault 4 ce, wadda muke cewa katrel. Tun 1961 anka fara ƙera irinta a Faransa, an yi fiye da miliyan 8 kafin a daina a farkon shekarun 1990. Tsohuwa ce, ba mu musu. Sai dai injinta ba shi da ɓoye-ɓoye, mai sukurdireba da haƙuri yana iya gane ciwonsa. Mu aikinmu alli da allo ne, amma mun kwana biyu tsaye a garaji muna kallo muna tambaya, ga abin da munka koyo.

Karbirato shi ne wurin da esansi ke gamuwa da iska kafin su shiga inji. Awo gare shi: kamar kilo 15 na iska ga kilo 1 na esansi. A cikinsa akwai ɗan kwano da esansi ke taruwa, da fulotar mai tasowa sama ta tura wata ƴar allura ta rufe hanya in kwanon ya cika. Daga nan esansi ke bi ta jiklar, wato ɗan ƙarfen tagulla mai huda ƙarama kamar ta allurar ɗinki. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta toshe ta.

Bakaniken farko da munka je wurinsa bai ko buɗe ba, ya ce a sayo sabon karbirato. Na biyu, wani dattijo, cewa ya yi a fara duba wuta. Ya cire buji ya ga yana tartsatsi, ya cire tiyo ya ga pompo yana turo esansi, kana ya taɓa karbirato. Ya kuma nuna mana yadda ake karanta buji. In ya yi baƙi da kunkunniya, mota na hayaƙi baƙi tana warin esansi, to esansi ya yi yawa: ko filtir na iska ya cika da ƙura, ko fulotar ta huje ta nutse, ko direba ya manta istarta a jaye. In bujin ya yi fari fat, mota na tari tana rasa ƙarfi, to iska ce ta yi yawa, watakila juwan da ke ƙarƙashin karbirato ya tsage. In kuwa tana gudu lafiya amma da an ɗaga ƙafa sai ta mutu, jiklar ta ralanti ce ta toshe.

Tamu, da ya juye kwanon cikin gwangwani, munka ga ruwa kwance a ƙasa da jan rairayi. Ruwa ya fi esansi nauyi, shi ke zama ƙasa inda jiklar take sha. Ina ya fito? Mu duka mun sani. Daga kwalaben ƴan ruwa-ruwa na bakin hanya. Ba mu zagin kowa, yaranmu ne da yawa cikinsu, kuma mu da kanmu muke tsayawa don muna ganin sauƙi. Amma esansin da ya bi jarka da mazurari da kwalba, cikin hazo da ƙura, ba ya isowa da tsabta. Tacewa da ƙyalle tana kama rairayi, ba ta kama ruwa. Sai an bar jarka ta kwana, a tsiyaye na sama a bar na gindi.

Laifi na biyu namu ne. Wani ya cire filtir na iska, wai mota ta fi numfashi. A hanyar Jiratawa lokacin hunturu, wanda ya yi haka ƙasa yake ɗura wa inji. Wani kuma ya taɓa soka waya cikin jiklar don ya buɗe ta, ya faɗaɗa hudar, shi ya sa take shan esansi fiye da da. Jiklar hura ta ake yi da pompon keke. Sukurun awon esansi kuwa, ba a taɓa shi sai inji ya yi zafi, kuma a ƙirga juyi nawa anka yi don a iya komawa. Masu injin ban ruwa a fadamar Jiratawa, in naku mai esansi ne, maganar nan ta shafe ku.

An wanke kwano da tanki, an sa sabuwar jiklar da juwan da filtir, an ƙara ɗan filtir na esansi a kan tiyo. Tun ranar ta je Tibiri ta dawo sau huɗu ba ta yi tari ba.

Abin da muke roƙon taro shi ne kada a sayar da ita bana. A yarda a riƙa cika tanki a gidan mai daga asusu, a ajiye jarka ɗaya da ta kwana don fitar dare, kuma mabuɗi ya zauna hannun mutum ɗaya. Ma'aji yana da takardar abin da anka kashe, zai karanta muku yanzu kafin a ɗaga hannu.