Jaririn da Hanjinsa Ya Hau Ƙirji: Laccar da Aka Gabatar a Kalgo

Iyayenmu sarakuna, malamai, ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke nan Kalgo, da iyayenmu ungozomomi da suka yi sammako daga Gwandu, ina gaishe ku.

Kowa ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ya ga wani tantani mai tsoka da ya raba ƙirji da ciki: huhu da zuciya a sama, tumbi da hanji da hanta da saifa a ƙasa. Ɗan Adam ma yana da shi, kuma da shi muke jan numfashi. Yana gama haɗuwa ne wajen mako na 8 zuwa na 10 da shigar ciki, lokacin da wata macen ba ta ma gaya wa kowa ta yi ɓatan wata ba. A cikin haihuwa kamar 3,000, akan sami ɗaya da tantanin bai rufe ba. Ta wannan kafa hanji ke hawa ƙirji, ya ture zuciya gefe, ya tokare huhu ya hana shi girma. Galibi kafar a hagu take, kuma wani masanin halittar jiki na birnin Prag, Bochdalek, ya yi bayaninta tun 1848.

A cikin mahaifa yaro ba ya jin komai, domin uwa ce ke ba shi iska ta mabiyiya. Sai an yanke cibiya wahalar ke bayyana. Iya ungozoma, ga abin da za ki gani: kukansa ba ƙarfi, numfashi sama-sama, leɓɓa da harshe sun yi shuɗi, ƙirji ya taso, ciki kuma ya lotsa kamar an kwashe abin da ke cikinsa. Wannan lotsawar ita ce babbar alama, don jariri lafiyayye cikinsa a cike yake. Idan kin ga haka kada a ba shi ruwa, kada a ɗura masa jiƙo, kada a kira wanzami a ce beli ne. A lulluɓe shi da kyau, a ɗan ɗaga kansa, a nemi mota.

Ku kuma ma'aikatan asibiti, a nan ne kyakkyawar niyya kan yi ɓarna. An koya mana mu ɗora wa jaririn da bai numfasa ba robar hura iska a fuska, kuma wannan daidai ne ga yawancin jarirai. Amma wannan yaron, iskar hanjinsa take shiga, hanjin ya kumbura cikin ƙirji, ya ƙara matse ɗan huhun da ya rage. Abin da yake bukata shi ne siririyar roba ta hanci zuwa tumbi a zuƙe iska, da bututun numfashi a maƙogwaro inda akwai mai iya sa shi. Tiyatar ma ba a gaggawarta yanzu. Sai numfashi ya daidaita, hawan jinin jijiyoyin huhu ya lafa, sannan a mayar da hanji mazauninsa a ɗinke kafar.

A 2021 mujallar Lancet ta buga binciken da aka yi a asibitoci 264 na ƙasashe 74 kan wannan lalura da wasu shida na hanji da ake haihuwa da su. A ƙasashe masu arziki, ƙasa da yara 6 cikin 100 suka rasu. A ƙasashe mafi talauci, kusan 40. Ciwon ɗaya ne, hannun likita ma sau da yawa ɗaya ne. Bambancin yana ga lokacin da aka gane da kuma hanyar da aka biyo. Hoton ciki a wata na biyar yakan nuna tumbin yaro kusa da zuciyarsa. Matar da aka gano mata haka za ta iya tafiya Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tun kafin naƙuda, ta haihu inda likitocin tiyatar yara suke. Cikin uwa ya fi kowace mota aminci wajen ɗaukar wannan yaro.

Na taɓa ganin wata mai jego, haihuwar fari, zaune a tabarma bakin ɗakin jarirai. Kunyar ɗan fari ta hana ta tambayar kowa komai. Nono ya cika mata har ya jiƙa riga, ba wanda ya nuna mata yadda za ta tatse a ajiye wa yaron. Ranar bakwai mahaifin ya sayar da ragon suna ya biya kuɗin iska, aka raɗa wa yaro suna a barandar asibiti. Da na durƙusa na gaishe ta, abin da ta ce kawai shi ne: "Likita, wani abu na ci?" A gida an riga an fara cewa ita ta jawo.

Ba abin da ta ci. A mafi yawan lokuta babu wani laifi na uwa ko na uba, kuma da wuya ya sake faruwa a haihuwa ta gaba. Wannan magana ya kamata ta fito daga bakin liman da uwar miji, don sun fi mu shiga cikin gida.

Ina roƙon kowace unguwa a Gwandu da Kalgo ta san direban da za a tasa da tsakar dare, a kuma ware wani abu daga zakka da asusun masallaci domin man mota da abincin masu jinya. Yaron da aka sallamo, a riƙa kai shi awo, don irinsu sukan yi fama da tumbiɗi, tari da rashin ƙiba. Wadda kuma ta dawo hannu wofi, a ci gaba da dafa mata ruwan wanka, a dama mata kunun kanwa, a zauna da ita har ta yi arba'in, domin jego take yi.