Yawan Kai da Kawowa Ba Shi Ne Aiki Ba

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya yi a taron marabtar sababbin ɗalibai)



An nemi in yi muku magana a kan yadda ɗalibi zai ci moriyar zamansa a jami'a. Na san kuna zaton zan ce ku ƙara himma. To, abin da na zo da shi yau shi ne ku rage hidima.

Bari in fara da kaina. A shekarata ta uku muƙami uku nake riƙe da su: sakataren ƙungiyar garinmu, ma'ajin ƙungiyar sashenmu, da wakili a majalisar ɗalibai. Kullum aka gan ni ina sauri, da fayil a hammata. Ana cikin haka aka aiko mini cewa mahaifina ba shi da lafiya. Na ce sai an gama zaɓe ranar Asabar. Da Asabar ta zo wani taro ya taso, na ɗaga tafiya zuwa Laraba. Ranar Talata da dare Allah ya yi masa cikawa. Ko da na isa gida, an riga an dawo daga maƙabarta. Yau ko za a yanka ni, ba zan iya tuna abin da muka tattauna a wancan taro ba.

'Yan'uwa, wannan cuta ba yau ta fara ba, kuma ba ta ƙyale manya ba. A shekarar 1091 waziri Nizamul Mulki ya naɗa Imamu Gazali babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, alhali bai kai shekara 35 ba. Ɗalibai wajen 300 suke zama gabansa, ga rubuce-rubuce, ga fada tana nemansa. Amma a littafinsa Almunƙizu minal Dalali ya ba da labarin yadda ya zauna ya binciki niyyarsa, sai ya tarar neman suna da girma ne ke tura shi. Ya yi kusan wata shida yana jayayya da zuciyarsa, yau ya ƙudura tafiya, gobe ya fasa. Daga bisani harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da karatu, abinci ma ya gagare shi. Likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake.

A shekarar 1095 ya ajiye muƙamin, ya rabar da dukiyarsa in ban da abin da zai riƙe iyalinsa. Ya nufi Dimashƙa, ya wuce Ƙudus, ya yi aikin hajji, sa'an nan ya koma garinsu Tus, a ƙasar Iran ta yau. A cikin waɗannan shekaru na kaɗaici ya rubuta Ihya'u Ulumiddin, littafin da har yanzu malamanmu suke karantarwa. A 1106 ya koma koyarwa a Naisabur, ya rasu a 1111. Watau bai guje wa aiki ba. Tsayawa ya yi har ya san dalilin da ya sa yake yin sa, sa'an nan ya koma.

Ba na ce ku bar karatu ku shiga duniya ba. Abu uku kaɗai nake roƙonku.

Na farko, ku yi lissafi. Sa'a 168 ke cikin mako. In ka cire barcin sa'a 7 kowane dare, saura 119. Ka ɗauki takarda ka rubuta inda suka tafi a makon jiya, har da waɗanda wayar hannu da zaurukan WhatsApp suka cinye. Wanda ya yi wannan tsakani da Allah zai ji kunya, kuma kunyar za ta amfane shi.

Na biyu, kowace hidima ta zo, ka tambayi kanka: don me? In amsar ita ce don a gan ka, ko don kana jin nauyin ka ce a'a, to ka ba da haƙuri. Taura biyu ba ta taunuwa. Ƙungiya ɗaya da ka riƙe da amana ta fi uku da kake yi wa leƙe.

Na uku, ka ware abin da ba a ɗaga shi don kowane taro: ibadarka, karatunka, barcinka da iyayenka. Sauran al'amura su bi bayansu. Taron da ba ka je ba za a yi shi, kujerarka wani zai zauna. Ni shaida ne: da na tafi zaman makoki, ba abin da ya tsaya a ƙungiyoyin nan uku.

Saboda haka, duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a raye, in an tashi daga nan ya neme su kafin ya nemi kowa. Allah ya sa albarka a lokacinmu, ya jiƙan magabatanmu.