Shiru Ba Ya Ceton Ɗan Baƙo a Kotun Soja

(Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya)

 

Mu 'yan kasuwa ne, ba lauyoyi ba, amma yaranmu da yawa sun sa kaki, wasu nan gida, wasu har ƙasashen waje. Shi ya sa kwamiti ya ce mu yi magana kan abin da ya kamata a yi ran da aka ce ɗanka na tsare a bariki. Za mu kafa misali da wani baƙo a Amurka, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Sunansa Ahmad al-Halabi. A Siriya aka haife shi, yana saurayi ya koma Amurka, ya shiga sojan sama, ya kuma sami takardar zama ɗan ƙasa. Da yake yana jin Larabci, sai aka tura shi aikin tafinta a sansanin Gwantanamo na ƙasar Kuba, inda ake tsare da fursunoni. Ran 23 ga Yuli 2003, yana kan hanyar zuwa Siriya ɗaurin aurensa, aka kama shi a Fulorida. Aka jera masa tuhuma wajen 30, har da leƙen asiri da taimakon abokan gaba, laifin da kan iya kai mutum ga kisa.

To, ku lura da nan. Sai a watan Satumba, bayan wata biyu, duniya ta ji an kama shi. Da labarin ya fito kuwa, da bakin masu tuhuma ya fito: ga ɗan leƙen asiri an cafke. Ai kun sani, wanda ya riga ka zuwa wajen mai shela, da sunan da ya raɗa maka za a kira ka.

Daga baya lauyoyinsa suka tashi tsaye, 'yan jarida kuma suka riƙa bin shari'ar suna bugawa. Aka binciki takardun da aka ce na asiri ne, sai ga shi kusan dukkansu ba na asiri ba ne. Manyan tuhumomin suka yi ta zubewa. A Satumba 2004 ya amsa ƙananan laifuffuka, kamar ɗaukar hoto a sansanin da kuma ƙaryar da ya yi wa masu bincike a kan haka. Aka rage masa girma, aka sallame shi daga soja, ba a mai da shi kurkuku ba, bayan ya riga ya yi wajen wata 10 a tsare.

Jama'a, ba jarida ce ta yanke hukunci ba, kotu ce. Amma shari'ar da idon duniya ke kanta daban take da wadda ake yi bayan ƙofa. Ko nan gida mun gani: a Disamba 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa kan bore. Lauya Femi Falana bai yi shiru ba, jaridu ba su yi shiru ba, a Disamba 2015 rundunar soja ta mai da hukuncin ɗaurin shekara 10.

Mu fa ciwonmu kunya. Sai a kama yaro, uba ya ƙulle bakinsa don kada a ji a kasuwa, har sai magana ta lalace. Ɗan gari yana da dangi a kowane ofis. Baƙo kuwa, in ƙungiyarsa ba ta yi magana ba, wa zai yi?

Saboda haka ga shawararmu. Da farko a nemi lauya kafin ɗan jarida, domin wanda ake tuhuma a kotun soja yana da damar ɗaukar lauyan farar hula, kuma ana ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Na biyu, kada yaron ya yi hira da kansa, dokar aikinsa ta hana. Mutum ɗaya daga gidansu ko daga ƙungiya ya zama kakaki. Na uku, a rubuta takarda gajera: ranar kamu, inda yake tsare, abin da ake tuhumarsa, da abin da muke roƙo, wato shari'ar adalci cikin lokaci. A kai wa gidajen rediyon Hausa irin su BBC, a kuma kai ta Turanci ga jaridun nan Kudu, don maƙwabtanmu su ji daga bakinmu.

Na ƙarshe, kada mu rantse cewa ɗanmu waliyyi ne. Al-Halabi ma an same shi da nasa kuskuren. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ɗan jarida in ya kama ka sau ɗaya, ba zai sake saurarenka ba. A guji zagin soja, a guji jawo ƙabilanci.

Muna roƙon a zaɓi mutum uku yau da za su riƙe wannan aiki, sakatare kuma ya buɗe littafin sunayen yaranmu da ke soja. Allah ya tsare mana su, ya ba mu zama lafiya da masu masaukinmu.