Kalmar "Jazzy" da Kiɗan da Ya Haife Ta

Duk mai bin waƙoƙin Najeriya ya san Don Jazzy, wanda ya kafa kamfanin Mavin Records a 2012. Amma daga ina kalmar "jazzy" da ke cikin laƙabin nasa ta fito?

Kiɗan jaz ya tashi ne a hannun baƙaƙen fata na birnin New Orleans a Amurka, aka fitar da faifansa na farko a 1917. Kiɗa ne na ƙaho da ganguna, wanda makaɗi kan ƙirƙiri sautinsa nan take, abin da Louis Armstrong ya yi fice a kai. Daga nan Turanci ya samu "jazzy". Da farko waƙa mai ɗanɗanon jaz ake nufi, daga baya kalmar ta koma kan duk abin da ke ɗaukar ido: riga mai launi ja da ruwan ɗorawa, ko motar da aka ƙawata da fitilu. Wani lokaci yabo ne, wani lokaci kuma ana nufin kwalliyar ta wuce gona da iri.

A Turancin titunan Legas kuwa, "jazz" asiri ne. Wannan bai shafi "jazzy" ba, don haka masu koyon Turanci su kiyaye kada su haɗa su.