Bayan An Sallame Su Daga Asibiti



A Markus sura 5 mun ga yadda Yesu ya ta da 'yar Yayirus mai shekara 12. Mutanen gida suna cikin mamaki, sai ya umarta a ba ta abinci. Ta tashi, amma bukatarta ba ta ƙare ba.

Haka yake ga samari da 'yan matanmu da suka gama jinyar ciwon daji. Suna kwance muna addu'a, an sallame su mun yi godiya, sa'an nan kowa ya kama gabansa. Alhali kuwa da sauran aiki.

Gajiya takan bi su wata da watanni. Maganin doxorubicin yana iya raunana zuciya, cisplatin yana iya rage ji, waɗansu magunguna kuma suna taɓa haihuwa. Ciwon dajin ƙashi, wanda yakan kama masu tasowa, yana iya kai ga yanke ƙafa. Ga tsoron kada ciwon ya dawo, ga tsararsu sun wuce su a makaranta. Bukatarsu ba irin ta ƙananan yara ba ce, ba kuma ta tsofaffi ba. Shi ya sa a 1990 ƙungiyar Teenage Cancer Trust ta buɗe wa matasa ɗakin jinya nasu a Landan.

To, mu ikkilisiya fa, me za mu yi?

Na ɗaya, mu taimaka da kuɗin mota da na gwaji, domin su riƙa komawa wurin likita a kan lokaci. Komawa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne.

Na biyu, mu ci abinci kwano ɗaya da su. Ba a ɗaukar ciwon daji ta wurin gaisuwa ko zama tare.

Na uku, Zumuntar Matasa ta jawo su, a taimake su su koma karatu ko koyon sana'a.

Na huɗu, in maganar aure ta taso, mu kame bakinmu daga tsegumi. Zancen haihuwa a bar wa likita da su masu neman juna.

Na biyar, in suka ce suna tsoro, mu saurara tukuna, kada mu tsawata.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ƙarfafa waɗannan 'ya'yanka, ka ba mu zuciyar da ba ta gajiya da hidima. A cikin sunan Yesu, amin.